Littafi Mai Tsarki a jakar ɗan kasuwa: ina lokacin karatu in kasuwa na ci ran Lahadi?

Duk wanda ke harkar saye da sayarwa tsakanin Nijar da Nijeriya ya san kwanakin kasuwa kamar yadda ya san sunayen ƴaƴansa. Laraba ta Birnin Ƙonni ce, Alhamis ta Maigatari, Litinin da Juma'a kuwa Maraɗi ke cika ta batse. To amma manyan kasuwanni uku na bakin iyaka, wato Jibiya da Illela da Mai'aduwa, duk ran Lahadi suke ci. Ga yawancin ƴan kasuwa wannan ba abin magana ba ne. Ga ɗan kasuwa Kirista kuwa, ranar da ciniki ya fi armashi ita ce ranar da ake jiransa a majami'a.

Kiristocin da ke cikin waɗannan kasuwanni ba su da yawa, amma suna nan, kuma kowa ya san su. Akwai mai awon hatsi, akwai mai kai albasar Galmi, akwai direba da kanikanci da tela, ga kuma mata masu tuwo-tuwo. Wasu Gobirawa ne ko Katsinawa ƴan gida, wasu kuma daga kudu suka zo, ko daga Benin da Togo, amma Hausa ce ta haɗa su da abokan cinikinsu. Wasunsu sun yanke shawara ba sa fita ran Lahadi ko me za su rasa. Wasu kan yi sujadar safe sannan su bi motar da ta rage. Wasu kuwa tun da asuba sun kama hanya, don in ba su ci kasuwar ba, gidan ba zai ci tuwo ba a makon. Ba ni da niyyar yanke wa kowa hukunci a nan, wannan tsakanin mutum ne da Allahnsa da fastonsa. Abin da ya dame ni shi ne mutumin da ba ya jin maganar Allah sai daga bakin mai wa'azi ran Lahadi. Irin wannan, ranar da ya rasa Lahadi ya rasa komai. Mako ya bi mako, littafin na kan kanta ƙura ta rufe shi, mutum na nan da sunan Kirista amma bai san abin da ke ciki ba.

Da wuya aka samo shi da Hausa

Abin takaicin shi ne wannan littafi bai zo cikin harshenmu a banza ba, kuma akwai hannun ɗan ƙasar nan a cikin aikin tun daga tushe. Wani yaro mai suna Dorugu, haifaffen ƙasar Damagaram, an kama shi bawa yana ƙarami aka kai shi Barno. Bayan an ƴanta shi ya bi Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har zuwa Ingila a shekarar 1855. A can ya zauna da wani ɗan mishan Bajamushe, James Schön, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Daga bakin wannan yaro Schön ya gyara Hausarsa. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa, a 1880 kuma Sabon Alkawari ya fito.

Cikakken littafin sai a 1932 aka same shi, bayan shekaru masu yawa na aikin Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa Hausawa da Turawa. A daidai wannan zamani ne ƴan mishan na SIM suka shigo Nijar: sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafa zango a Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan asibitin Galmi ya buɗe a 1950. Da Hausa suka yi wa'azi, da Hausa aka koyi karatu, shi ya sa har yau a majami'u da yawa na yankin Maraɗi da Ƙonni da Hausa ake sujada.

A 1980 aka fito da sabuwar fassara mai sauƙin Hausa, a 2020 kuma wata ta biyo baya da ake kira Sabon Rai Don Kowa. Wanda ya gaji tsohon bugu daga mahaifinsa kada ya rikice in ya ga sunaye sun bambanta: Matta na tsohon shi ne Matiyu na sabon, Yohanna shi ne Yahaya, Misalai kuwa shi ne Karin Magana. Dattawa da yawa sun fi son tsohon don da shi suka haddace ayoyi. Matasa kuma sukan ce Hausarsa ta yi musu nauyi. Ni dai a ganina wanda mutum zai buɗe ya karanta ya gane, shi ne nasa. Haka wanda ya yi lakwal da Faransanci ya saba da fassarar Louis Segond, babu laifi, amma ya gwada karanta aya ɗaya da Hausa ya ji yadda take sauka a zuciya.

Littafin ya san kasuwa

Wasu na ɗauka karatun Littafi Mai Tsarki aikin fasto ne da ƴan makarantar Baibul, ɗan kasuwa kuwa nasa shi ne ya kawo zakka da baiko. Wanda ya faɗi haka bai buɗe littafin ba, domin cike yake da zancen awo da bashi da riba.

A duba littafin Annabi Amos, sura ta 8. Amos makiyayi ne daga wani gari da ake kira Tekowa, ya yi annabci wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu. Ya kwatanta masu sayar da hatsi na zamaninsa da suke zaune a ranar hutu ta ibada amma hankalinsu na rumbu, sun ƙosa ranar ta wuce su buɗe buhuna. In sun buɗe kuma sai su rage girman mudu, su ƙara kuɗi, su murɗe ma'auni, har sharar hatsi su haɗa su sayar wa talaka. Wanda ya taɓa ganin tiyar da aka buge wa gindi, ko buhun gero da aka cusa wa ƙaiƙayi da yashi a tsakiya, zai rantse Amos ya zaga kasuwarmu. Abin lura a nan shi ne mutanen da annabin ya tsawata wa ba su fasa kiyaye ranar ibada ba. Suna kiyaye ta sarai. Laifinsu a bakin mudu yake.

Littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 25, ya hana mutum ya riƙe ma'auni iri biyu a jakarsa, babba na saye da ƙarami na sayarwa. Karin Magana sura ta 11 ta buɗe da cewa Allah na ƙyamar ma'aunin zamba. A sura ta 20 har an zana hoton mai saye da ke kushe kaya yana cewa ba su da kyau, in ya samu ragi ya juya baya yana yabon kansa. Wato ba mai sayarwa kaɗai ake wa faɗa ba. Ƴan'uwanmu Musulmi da ke karanta wannan shafi sun san a cikin Alƙur'ani akwai sura guda, Suratul Muɗaffifina, da ta fara da gargaɗi ga masu tauye mudu. A kan wannan batu maƙwabta biyu a rumfa ɗaya ba su da saɓani, kuma a nan ne Musulmi ke auna Kirista. Bai ga sujadarka ba, bai ji waƙar da kuka rera ba, amma ya ga awonka, ya kuma san ko kana biyan bashi ranar da ka ɗauka.

Sabon Alkawari ma bai bar ƴan kasuwa a baya ba. Lidiya, wadda ta karɓi Manzo Bulus a birnin Filibi, ƴar kasuwa ce mai sayar da tufafi masu tsada, kuma a gidanta masu bi suka riƙa taruwa. Bulus kansa da ɗinkin tanti ya ci da kansa.

To, ina lokacin?

Littafin yana da sura 1,189 a bugun da majami'un bishara ke amfani da shi, littattafai 66. Wanda ya dubi kaurinsa sai gabansa ya faɗi. Amma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa da tiya-tiya ake cika buhu. Sabon Alkawari sura 260 ne: sura ɗaya a rana, kafin wata tara mutum ya sauke. Bisharar Markus sura 16 ce kawai, kuma ita ce ta fi dacewa da mai farawa don labari ne ke bin labari. Karin Magana sura 31 ce, kowace ranar wata da surarta, yau in 12 ga wata ne sai a buɗe ta 12, ba sai an tuna inda aka tsaya ba.

Lokaci kuwa yana nan, sai dai ba mu lissafa shi. Awa nawa ake yi a tasha ana jiran mota ta cika? Awa nawa a shingen ƴan duwan ana jiran takarda? Da rana tsaka in kasuwa ta lafa, me ake yi in ba latsa waya ba? Wayar nan da ake duba farashin naira da sefa a cikinta, ita ma tana ɗaukar Littafi Mai Tsarki na Hausa, na karantawa da na saurare. Wanda bai yi boko ba sai a sa masa na saurare a katin waya, ya riƙa ji a mota. Mu ma'aikatan rediyo mun san kunne na riƙe abin da ido ke mantawa. Sai dai a sa abin ji a kunne ko a rage murya, don motar haya ta kowa ce.

Amma karatu na gudu kamar mai ƙirga buhuna ba ya amfani. Gara aya biyar da mutum ya tsaya ya tambayi kansa: me wannan ke nuna mini game da Allah, kuma me zan canza yau a rumfata? In abu ya shige duhu a rubuta shi a bayan littafin bashi, a kai wa fasto ko wani dattijo. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni sura ta 17, an yaba musu ne don kullum suna bincika Nassi su tabbatar da abin da Bulus ya gaya musu. In har an bincika Bulus, to mai wa'azin da ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa ka aiko da jika goma a yi maka addu'ar buɗin kasuwa, shi ya fi cancanta a bincika. Wanda bai san littafin ba shi ake yi wa irin wannan ciniki. Matan da ke cikin Zumuntar Mata sun riga maza a nan, don suna da ranar taruwarsu a tsakiyar mako. Mazan da Lahadi ke kuɓuce musu, ko su uku ne a layi ɗaya, me zai hana su tsai da daren Litinin?

Akwai wani wuri a wasiƙar Yakubu, ƙarshen sura ta 4, da aka rubuta kai tsaye ga fatake. Yana magana da masu cewa gobe za su gari kaza, su shekara a can, su yi ciniki su ci riba, alhali ba su san abin da gobe za ta haifa ba. Ya ce abin da ya kamata su faɗa shi ne in Ubangiji ya yarda. Wanda Nijeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019 kayansa na kan hanya, aka kai Disambar 2020 kafin a buɗe, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan aya. Haka wanda albasarsa ta ruɓe a mota bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da aka sake garƙame hanya har zuwa Maris na 2024. A waɗannan watanni an ga masu jari sun koma ƴan kamasho, an ga wanda ke ba da bashi ya koma neman bashi. Kuma a irin wannan lokaci ne hannu ke ƙaiƙayin buge gindin tiya.