Me ya sa gini mai zagaye ke jure bugun fashewa?

Ranar 4 ga Agusta 2020, fashewar tashar jiragen ruwan Bairut ta rusa unguwanni, amma wani sashe na rumbunan hatsi da ke dab da wurin ya tsaya. Kaurin siminti ya taimaka, siffarsu ma haka.

Fashewa na turo matsattsiyar iska da ta fi sauti gudu. Miƙaƙƙiyar katanga na karɓar bugun gaba ɗaya. A jikin gini mai zagaye kuwa, goshinsa ke shan bugu sosai, sauran iskar ta zame ta gefe.

Haka rumbunanmu na Mayahi ke jure guguwar damina. Sai dai rumbun da ya rage nauyi, ko gindinsa ya zaizaye, shi ke fara kifewa. A gyara gindi kafin hadarin farko.