Daga Basel Zuwa Wusasa: Tafiyar Sabon Alkawari

Ranar Lahadi a majami'ar HEKAN da ke titin Katsina a Kaduna, in fasto ya kira sura da aya, nan take kowa zai buɗe wurin. Waɗannan lambobin ayoyi ba manzanni suka sa su ba. Wani mai ɗab'i ne, Robert Estienne, ya raba Sabon Alkawari aya-aya a Janiba a 1551.

Asalin littafin da Girkanci aka rubuta shi, kuma an shafe fiye da shekara dubu ana kwafarsa da hannu. Da injin ɗab'i ya zo, Kadinal Jiménez na Sifaniya ne ya fara buga shi a Alcalá a 1514, amma jiran izinin Fafaroma ya tsare shi. Kafin izinin ya fito, malami Erasmus da maɗabba'ar Froben a Basel sun riga shi shiga kasuwa a 1516.

Sauri ya haifi nawa. Kwafen hannun da Erasmus ya dogara da su ba su kai goma ba, yawancinsu na ƙarni na 12. Na littafin Wahayi guda ɗaya ne tak, kuma ayoyi shida na ƙarshe sun ɓata a cikinsa. Sai malamin ya ɗauko fassarar Latin ya mayar da ita Girkanci da kansa. A ganina nan ya yi kasada, ko da yake bai ɓoye ba. Duk da haka bugunsa ya zama tushen fassarar Luther ta 1522, kuma daga bugun da suka biyo bayansa aka yi fassarar King James a 1611.

Sai a ƙarni na 19 aka waiwayi tsofaffin kwafe, kamar wani na ƙarni na 4 da masani Tischendorf ya fito da shi daga gidan sufaye na Dutsen Sina'i. A cikinsa Markus ya tsaya a 16:8, labarin macen da aka kama da zina ma babu shi a Yahaya. Shi ya sa fassarori da yawa na yanzu suke sa sharhi a ƙasan waɗannan shafuka.

Hausa ta shigo a tsakiyar wannan tafiya. Wani mai suna Schön ya fassara Sabon Alkawari zuwa Hausa tun a ƙarni na 19, sannan aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da Wusasa ya jagoranta ya kai ga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932.