Laburare da Ɗalibin Hausa: Inda Mai Bincike Kan Ƙasar Daura Zai Nemi Kayan Aiki

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara, idan lokacin zaɓen batun kundin digiri ya yi, akan sami ɗalibai da dama a wannan sashe namu waɗanda kan so su yi bincike a kan garuruwansu. Ɗan Sandamu ya ce zai yi a kan bukukuwan aure a ƙasarsu, ɗan Baure ya ce waƙoƙin noma, ɗan Mai'aduwa kuwa ya ce Hausar 'yan kasuwar bakin iyaka. Wannan niyya ce kyakkyawa. To, amma ba a yin mako uku sai a ga yawancinsu sun komo wurin malam da kuka iri ɗaya, wai babu littattafai. Daga nan sai wani ya sauya batu ya koma ga wanda aka riga aka tattake, wani kuma ya sami tsohon kundi ya kwafe shi, ya sauya sunan gari kawai. Hasarar da ake yi a nan biyu ce: ɗalibi ya fita bai koyi bincike ba, garinsu kuma ya ci gaba da zama ba shi cikin rubutu, alhali dattawan da suka san tarihinsa suna ta ƙaura ɗaya bayan ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda laburare yake a tsare, da yadda ake neman abu a cikinsa, da sauran ma'ajiyoyin da ya kamata ɗalibi ya sani. An ɗauki ɗalibin da ke son yin bincike a kan Sandamu ta ƙasar Daura a matsayin misali, amma bayanin ya shafi kowa.

2.0 Sassan Laburare

Yawancinmu abin da muka sani game da laburare bai wuce babban zauren da ake zama a yi karatun jarrabawa ba. A gaskiya laburaren kwaleji ko na jami'a yakan kasu sassa da yawa, kowane da amfaninsa. Akwai sashen aro, inda ake ɗaukar littafi a tafi da shi na 'yan kwanaki. Akwai sashen littattafan duba-ka-ajiye, irin su ƙamus da taswira da jerin sunayen littattafai, waɗanda ba a fita da su. Akwai sashen keɓaɓɓun littattafai, wato waɗanda kwafinsu ya yi ƙaranci, sai an ba da katin shaida a karanta na sa'o'i kaɗan a mayar. Sannan akwai sashen mujallu da jaridu, da sashen kundaye, da kuma sashen kwamfutoci.

Ga ɗalibin Hausa, sashen mujallu da na kundaye su ne rumbu. Dalili kuwa shi ne, kaso mai yawa na binciken da aka yi a kan harshe da adabi da al'adun Hausawa bai taɓa zama littafi ba. Yana nan cikin mujallu irin su Harsunan Nijeriya ta Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Jami'ar Bayero, da Harshe ta Jami'ar Ahmadu Bello, da takardun da aka gabatar a tarurrukan ƙara wa juna sani, da kundayen digiri. Wanda ya tsaya a sashen aro kaɗai ya ce babu kome, kamar mutum ne da ya tsaya a zaure ya ce masu gida ba su yi tuwo ba.

3.0 Yadda Ake Jera Littattafai

Ba a jera littattafai a kan kanta da ka. Akwai tsari biyu da suka fi yaɗuwa a ƙasar nan. Na farko shi ne tsarin Dewey, wanda wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya fito da shi a 1876. Ya raba ilimi gida goma, daga 000 zuwa 999. A wannan tsari harshen Hausa yana lamba 493.72, adabin Hausa yana 893.72, tatsuniyoyi da dangoginsu suna 398, tarihin Nijeriya kuwa yana 966.9. Na biyu shi ne tsarin laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda yawancin jami'o'inmu suke bi, yana kuma haɗa baƙaƙe da lambobi. A cikinsa Hausa tana tsakanin PL8231 da PL8234, tarihin Nijeriya kuma yana DT515.

Abin lura a nan shi ne, batu guda yakan watsu a wurare uku ko huɗu. Mai nazarin bikin aure a Sandamu zai sami waƙoƙin amare a ɓangaren adabi, al'adar kamu da lalle a ɓangaren al'adu, hukuncin sadaki a ɓangaren shari'a, tarihin garin kuma a ɓangaren tarihi. Saboda haka ne aka tanadi katalogi, ko na katuna cikin akwati ko na kwamfuta, inda ake iya neman littafi ta sunan marubuci, ko ta sunan littafi, ko ta batu.

Akwai tarko uku da kan kama ɗalibin Hausa wajen duba katalogi. Na ɗaya, baƙaƙe masu ƙugiya: sau da yawa akan rubuta Ɗangambo a matsayin Dangambo, waƙa kuma a matsayin waka, don haka sai a gwada duka biyun. Na biyu, sunan Hausa kansa: Jamusawa sun rubuta Haussa, Faransawa kuma Haoussa. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne ƙanƙantar batu. Da wuya a sami kati mai ɗauke da sunan Sandamu. Sai a faɗaɗa nema zuwa Daura, daga nan zuwa Katsina, daga nan zuwa Arewacin Nijeriya. Idan an ɗauko littafin, sai a buɗe fihirisar da ke bayansa a nemi sunan garin a can.

4.0 Abin da Aka Riga Aka Rubuta Kan Daura

Sandamu ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, sauran su ne Daura da Baure da Zango da Mai'aduwa. Masarautar kuwa ba ta cikin waɗanda marubuta suka manta da su. Littafin M. G. Smith mai suna The Affairs of Daura, wanda ya fito a 1978, ya yi bayani mai zurfi a kan tsarin sarauta da muƙamai, da yadda mulki ya rarrabu a ƙarni na 19 bayan jihadi, lokacin da Fulani suke riƙe da birnin Daura, sarakunan Haɓe kuma suka kafu a Zango da Baure, har zuwa 1906 da Turawa suka mayar da gidan Haɓe kan gadon Daura. H. R. Palmer ya kawo labarin Bayajida da jerin sarakunan Daura a cikin Sudanese Memoirs na 1928. Hogben da Kirk-Greene sun ware wa Daura babi a cikin The Emirates of Northern Nigeria na 1966. Littafin Yusufu Bala Usman a kan Katsina, wanda ya fito a 1981, ko da yake ba Daura ce batunsa ba, yana koya wa ɗalibi yadda ake auna ruwayar baka da abin da Turawan mulki suka rubuta, maimakon a haɗiye kome ba tauna.

Ta fuskar harshe da adabi, akwai littattafan da bai kamata hannun ɗalibi ya rabu da su ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yakan nuna yankin da ake amfani da wasu kalmomi, wannan kuwa babban taimako ne ga mai nazarin Dauranci. Akwai na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda ya bayyana Hausa da Hausa. Akwai kundin tatsuniyoyi da labarai na Frank Edgar, juzu'i uku, da suka fito tsakanin 1911 da 1913. Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya na 1988 kuwa tamkar taswira yake ga mai son sanin wa ya rubuta me, kuma yaushe.

5.0 Ma'ajiyoyin da Ke Wajen Makaranta

Ƙasar Daura ta sami ƙarin manyan makarantu. Akwai Kwalejin Yusufu Bala Usman, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, da jami'ar sufuri wadda aka aza harsashinta a 2019. To, sai dai kowane laburare yakan tara littattafai ne daidai da darussan da makarantarsa ke koyarwa. Wanda aka kafa don injiniyoyi ba a sa ran ya cika da adabin Hausa. Tilas ne mai bincike ya san inda zai nufa idan na kusa ya gaza.

Babbar rijiya a nan ita ce Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. A can ne ake ajiye fayilolin zamanin En'e, ciki har da rahotannin kimanta haraji da jami'an Turawa suka rubuta a kan gundumomi, inda sukan kawo sunayen ƙauyuka da sana'o'i da kasuwanni da asalin dagatai. Amma fa sai ɗalibi ya san tarihin mulkin ƙasarsu kafin ya san inda zai duba. Daura ta kasance cikin Lardin Kano har zuwa 1934, lokacin da aka kafa Lardin Katsina aka haɗa ta da shi. Ke nan takardun farkon mulkin Turawa sai a neme su cikin fayilolin Lardin Kano, na baya kuma cikin na Lardin Katsina. Haka nan daga 1967 ƙasar tana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976, sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Wanda bai san wannan ba, zai yi ta lalube a inda babu.

A Kaduna ɗin dai akwai Arewa House, cibiyar binciken tarihi da aka kafa a 1970 a gidan da Sardauna ya zauna, wadda Farfesa Abdullahi Smith ya fara shugabanta. A Zariya akwai laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello. A Kano akwai Jami'ar Bayero da cibiyarta ta harsuna, a Katsina kuma akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Daɗin daɗawa, tun da Daura na bakin iyaka ne, kuma tarihin Zango a ƙarni na 19 a sarƙe yake da na Damagaram, bai kamata a yi watsi da abin da aka rubuta da Faransanci ba, kamar littafin André Salifou na 1971 a kan Damagaram.

Har ila yau, akwai laburaren da ba shi da katalogi, wato gafakokin malaman zaure. A cikinsu ake samun waƙoƙin ajami da wasiƙu da jerin nasaba. Irin wannan ma'ajiya ba a shigarta da katin shaida, sai da ladabi da ɗan jagora, kuma wajibi ne a nemi izini kafin a ɗauki hoton ko da warƙa ɗaya.

6.0 Taimakon Ma'aikacin Laburare

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Ma'aikacin da ke zaune a teburin tambayoyi ya karanci wannan aiki ne kamar yadda muke karanta Hausa. Yana iya nuna wa ɗalibi jerin kundayen da aka riga aka yi don kada ya maimaita, yana iya ba shi takardar gabatarwa zuwa wani laburare, yana kuma iya koya masa neman maƙalu a kwamfuta. Amma taimakonsa yakan zo daidai da tambayar da aka yi masa. Wanda ya ce yana son littafi a kan al'ada, za a nuna masa kanta guda a bar shi da ita. Wanda kuwa ya ce yana neman abin da aka rubuta a kan kamun amarya a ƙasar Daura, kuma ya riga ya duba kaza da kaza, shi ne zai fita da abin hannu.

Game da intanet, babu shakka ta rage wa ɗalibin yau tafiya. Ƙamus ɗin Bargery yana nan a kanta, haka ma rubuce-rubucen ajami da Jami'ar Boston ta Amurka ta ɗauki hotonsu. Sai dai abin da ke kanta game da ƙaramin gari kamar Sandamu bai taka kara ya karya ba, mafi yawansa kuma ba a san mai shi ba. Ƙa'idar da ake bi wa littafi ita za a bi mata: wa ya rubuta, yaushe, daga ina ya samo? Ya kuma kamata ɗalibi ya riƙa rubuta sunan marubuci da na littafi da shekara da shafi tun a lokacin da yake karatu. Yawancin abin da kan zama satar fasaha daga sakacin wannan yake farawa.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa kukan babu littattafai sau da yawa na rashin sanin hanya ne, rijiya ta bayar guga ya hana. Duk da haka akwai giɓi na gaske, domin abin da aka rubuta kan ƙasar Daura ya fi karkata ga fada da sarauta, ƙauyuka da talakawansu kuwa ba su sami rabo sosai ba. Wannan giɓi shi ne hujjar binciken ɗalibi. Laburare zai nuna masa inda magabata suka tsaya, sauran aikin kuma yana bakin dattawan garinsu.

Saboda haka ana ba da shawara ga sashe da ya riƙa kai ɗaliban shekarar farko laburare a nuna musu sassansa, ya kuma fitar da jerin dukan kundayen da aka yi, a tsara shi gari-gari da batu-batu. Ga 'yan'uwa ɗalibai kuwa, duk wanda ya gama kundinsa ya ajiye kwafi mai kyau tare da muryoyin da ya naɗa, don ɗan Sandamun da zai zo bayansa ya sami kati mai sunan garinsu a cikin katalogi.