Wasannin Akwatin Nintendo Marasa Lasin: Taƙaitaccen Tarihi

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wasannin da wasu kamfanoni suka ƙera wa akwatin wasa na Nintendo, watau NES, ba tare da lasin mai akwatin ba. Tambayar da ke ƙarƙashin al'amarin ita ce: shin wanda ya ƙera na'ura yana da ikon hana wani ya ƙera abin da za a sa a cikinta?

Asalin maganar ya faro ne daga kamfanin Atari. A shekarar 1979 wasu ma'aikatansa suka fice suka kafa Activision, suna yi wa akwatin Atari 2600 wasanni. Atari ya kai su ƙara, daga bisani aka sasanta. Ganin haka sai kamfanoni barkatai suka cika kasuwa da wasanni marasa inganci, har cinikin ya durƙushe a Amurka a 1983.

Da Nintendo ya kawo akwatinsa Amurka a 1985, sai ya dasa masa wani ɗan makulli mai suna 10NES. Akwai guntun na'ura a cikin akwatin, akwai ɗan'uwansa a cikin kowane kaset. Idan ba su gane juna ba, wasan ba zai tashi ba. Sharuɗɗan lasin kuwa masu tsauri ne ƙwarai: Nintendo ne kaɗai zai ƙera kaset, kamfani ba zai fitar da fiye da wasa 5 a shekara ba, kuma sai bayan shekara 2 zai kai wasan ga wani akwati. Nintendo ya ce yana kare inganci ne. A ganina akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma riba ita ce kan gaba.

Wanda ya fi yin fice wajen bijirewa shi ne Tengen, reshen Atari Games. Injiniyoyinsa sun kasa warware makullin, sai lauyoyinsa suka karɓo kwafin tsarinsa daga ofishin haƙƙin mallaka na Amurka a 1988, bisa da'awar ƙarya cewa suna bukatarsa don wata shari'a. Da shi aka ƙera mabuɗin da suka kira Rabbit, aka shiga sayar da baƙaƙen kaset. A 1989 kotu ta dakatar da sayar da Tetris na Tengen, domin Nintendo ne ke riƙe da izinin wasan a kan akwatunan gida. Sa'an nan a 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan Nintendo game da makullin. Abin lura a nan shi ne, kotun ba ta haramta kwance na'ura don fahimtar aikinta ba. Hanyar da Tengen ya bi ce ta ja masa. A wannan shekarar ce kuma Accolade ya yi nasara a kan Sega a irin wannan batu.

Wasu kuwa ba su wahalar da kansu da mabuɗi ba. Color Dreams ya riƙa sa kaset ɗinsa ya aika wa makullin wata 'yar fizgar lantarki da ke sumar da shi. Da manyan kantuna suka ƙi karɓar kayansa don gudun ɓata wa Nintendo rai, sai ya buɗe reshe mai suna Wisdom Tree, yana yin wasanni irin su Bible Adventures na 1991, ana sayar da su a shagunan littattafan addinin Kirista, inda hannun Nintendo bai kai ba. Ba duka ne abin yabo ba. Action 52, wanda aka sa wa farashin dala 199, ya shahara ne saboda lalacewar wasanninsa.

A gabashin duniya labarin ya sha bamban, domin Famicom, wanda ya fito a Japan a 1983, ba shi da makulli. Wannan ya ba kamfanonin Taiwan irin su Sachen damar yin nasu wasannin, wasu kuma suka kwaikwayi akwatin kansa, kamar Dendy da ya shiga Rasha a 1992. Nintendo ma da ya sake fasalin NES a 1993, sai ya cire makullin baki ɗaya.