Ganga Kura Ta Koma Gidajen Biki A Maiduguri

A unguwannin Maiduguri irin su Umarari, bikin Barebari ba ya cika sai an ji ganga kura da algaita, musamman daren wushe-wushe, sa'ad da ango kan je gaida dangin amarya. Makaɗan nan ba su da albashi; abincinsu yana ga liƙin jama'a.

Da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, dokar hana fitar dare ta biyo baya. Dandali ya mutu, aka rataye ganguna. Yanzu da ƙura ta lafa, kiɗa ya koma gidajen biki. Sai dai fa, yara nawa ne suka koyi busa cikin shekarun nan na shiru? Algaita kuwa a bakin uba ɗa ke gadonta.