Yadda Sassabin Zamani Ya Bi Gona-Gona a Maraɗi da Damagaram

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu duba wata tambaya da ta daɗe tana ci wa gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji tuwo a ƙwarya. Me ya sa wata sabuwar dabara takan karaɗe ƙasa ba tare da an yi mata shela ba, wata kuwa a kashe mata maƙudan kuɗi amma ta mutu a inda aka haife ta? Amsar da shirin zai kare ita ce, talaka yana karɓar sabon abu idan sharuɗɗa uku suka cika: ya gan shi da idonsa a hannun wani irinsa, ya iya gwada shi kaɗan ba tare da ya jefa abincin iyalinsa cikin haɗari ba, kuma ya tabbata amfanin nasa ne. Hujjarmu tana cikin gonakin gero na jihohin Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar.

Bayan farin da ya auka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, da wanda ya biyo baya a 1984, gonakin kudancin Nijar sun zama fili fetal. Iska takan kwaso rairayi ta binne shuka, manomi ya sake shuka sau biyu ko sau uku a damina guda, mata kuma su yi tafiya mai nisa neman itacen girki. Maganin da masana suka kawo shi ne dashe: a raini itatuwa irin su turare da darbejiya, a ɗauko su a mota, a raba wa ƙauyuka. An kashe kuɗi mai yawa, amma akasarin dashen bai kai labari ba. Wanda fari bai kashe ba awaki sun cinye, wanda awaki suka bari gara ta gama da shi. A 1983 ne wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki da wata ƙungiyar mishan a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sharewa duk shekara lokacin sassabe toho ne na kututturan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, kuma saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya. Manomi ya zaɓi rassa biyu ko uku zuwa biyar mafiya ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya kare waɗanda ya bari. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa, sabara da kalgo da gawo da aduwa sukan tashi da saurin da dashe ba ya yi. Manoma suka raɗa wa abin suna sassabin zamani.

To, a nan ne darasin yake. Duk da sauƙin dabarar, manoman farko da suka gwada ta 'yan ƙalilan ne, kuma sun sha ba'a, domin a lokacin gona mai tsabta, wadda ba ko tsiro a cikinta, ita ce shaidar manomin kirki. Da yunwar 1984 ta zo, sai aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, a ƙauyuka kusan 100, aka kare itatuwa wajen 500,000. Da aka daina rabon, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan nan gatari ya ci su. Wanda ya tsaya a nan zai ce shirin ya rushe. Amma ragowar da ba a sare ba su suka zama makaranta. Maƙwabci ya ga geron wane bai binne ba, ya ga matarsa tana tara kirare a bakin gona, ya ga tumakinsa suna cin 'ya'yan gawo da rani, har ya ga ana kai itace kasuwa a dawo da kuɗi. Gawo kuwa yana da hali na daban: da damina yake kaɗe ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki. Gani ya kori ji. Sai wannan ya bar kututture biyar a kusurwar gona, baɗi ya ƙara goma.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, wannan tafarki ba a Nijar aka fara ganinsa ba. A 1943 wasu masana biyu a jihar Iowa ta Amurka, Bryce Ryan da Neal Gross, suka wallafa binciken da suka yi a kan manoma 259 game da ingantaccen irin masara. Sun gano cewa yawanci daga bakin 'yan talla manomi yake fara jin labarin irin, amma maganar maƙwabci ce take sa ya shuka, kuma kusan kowa da ɗan yanki na gonarsa yake farawa. A kan irin wannan bincike wani masani mai suna Everett Rogers ya gina littafinsa na 1962 game da yaɗuwar sababbin abubuwa, inda ya nuna cewa abin yakan fara da jan ƙafa a hannun 'yan tsiraru, sannan ya yi tashin gwauron zabi idan masu faɗa a ji na cikin gari suka karɓa. Manomin Iowa mai tarakta da manomin Maraɗi mai hauya lissafinsu ɗaya ne: damina sau ɗaya take zuwa a shekara, ba a caca da ita.

Sharaɗi na uku, wato tabbacin cewa amfanin na manomi ne, shi ne mafi nauyi. Tun dokar gandun daji da Turawan Faransa suka kafa a 1935, wadda aka gada bayan samun 'yancin kai, itatuwa masu daraja suka zama na hukuma, ko da a gonarka suka tsiro. A lokacin, manomi yana iya shan tara don ya sare reshen itacen da shi ya raina. Wa zai yi wahalar rainon abin da zai jawo masa ma'aikacin gandun daji? Sai da aka sassauta wannan riƙo, da farko ta hanyar fahimtar juna da jami'an yankin Maraɗi, daga baya kuma ta dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004, sannan mutane suka saki jiki. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga, jama'a suka kafa kwamitocin sa ido, da mata da makiyaya a ciki, don hana saran dare. Sakamakon ya ba masana mamaki. Da wasu masu bincike, Chris Reij da Gray Tappan, suka gwama hotunan sama na da da na tauraron ɗan Adam a tsakiyar shekarun 2000, sun ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun tashi a kan hekta miliyan 5.

Akwai masu ja da wannan bayani, kuma maganarsu abar saurare ce. Na farko suna cewa ruwan sama ne ya ƙaru bayan shekarun fari, don haka ciyayi suka dawo da kansu. Gaskiya ne damina ta ɗan gyaru. Sai dai hotunan nan sun nuna cewa a wurare da dama na kan iyaka, gonakin ɓangaren Nijar sun fi na ɓangaren Najeriya yawan itatuwa nesa ba kusa ba, alhali irin ƙasar noma ɗaya ce, gajimare ɗaya ne, mutanen ma dangin juna ne. Kuma itatuwan sun fi yawa a inda jama'a suka fi cunkoso, abin da ke nuna hannun mutum. Na biyu suna cewa ai ba sabon abu ba ne, kakanni sun san darajar gawo, har sarakunan Damagaram an san su da tsananta hukunci a kan mai saransa. Wannan ma haka ne, kuma ƙarfafa hujjarmu yake yi: dabarar da ta yi kama da abin da mutane suka riga suka sani ta fi saurin shiga, domin ba ta neman manomi ya ƙaryata ubansa. Na uku suna cewa ba kowa ya amfana ba. Mai aron gona ko mai jingina ba ya rainon itacen da ba shi zai ci moriyarsa ba, matan da ba su da gona sukan ga an hana su itacen da da suke ɗiba kyauta, kuma akan samu saɓani da makiyaya a kan saran rassa. Wannan ƙorafi ba a share shi da baki. Abin da yake nunawa shi ne, inda mallaka ta tsaya, a nan yaɗuwar take tsayawa.

Saboda haka, duk mai son sabon iri ko rigakafi ko wata na'ura ta shiga cikin jama'a, daga masu aikin ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007 har zuwa malamin gona na ƙaramar hukuma, ya kamata ya rage ƙidayar abin da ya raba, ya koma tambayar mutum nawa suka ci gaba da yi bayan an daina ba su komai. Ya nemi mutumin da ake jin maganarsa a dandali da masallaci da kasuwa ya fara gwadawa a bainar jama'a, ya bar wa mutane damar farawa da kaɗan da gyara dabarar yadda ta dace da su, sannan ya tabbata doka ba ta ƙwace musu ribar guminsu ba. Rediyo irin wannan yana iya kai labari kowane lungu, amma shawarar ƙarshe a bakin gona ake yanke ta.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)