Gaskiya ko Jita-jita: Jirgin Saman da Ke Sauka Kafin Minti Ɗaya

An daɗe ana yaɗa cewa a arewacin Birtaniya akwai jirgin saman fasinja da tafiyarsa ba ta kai minti ɗaya ba. Wasu sun ce zuƙi-ta-malle ce, wasu kuma sun haɗiye labarin ɗungurungum.

Jirgin dai akwai shi. Tun 1967 kamfanin Loganair ke jigila tsakanin Westray da Papa Westray, tsibirai biyu cikin rukunin Orkney na yankin Scotland. Tazarar filayen jiragen biyu kilomita 2.7 ce kacal, abin da mai ƙafa zai taka cikin rabin awa da a ce babu teku a tsakani. Babu wata tafiyar jirgin fasinja mai tsayayyen jadawali da ta kai wannan gajarta a duniya.

Inda aka yi wa zancen gishiri shi ne wajen lokaci. Daƙiƙa 53 da ake ta ambato ita ce tafiya mafi sauri da aka taɓa yi, kuma matuƙi Stuart Linklater ne ya kafa tarihin, mutumin da ya bi hanyar fiye da sau 12,000 kafin ya yi ritaya a 2013. A sauran ranaku akan ci minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi a sama. Dalili kuwa iska ce, kuma Orkney gidan iska ne. Jirgi yakan tashi yana fuskantar iska, haka ma idan zai sauka. In ta kaɗo daga inda bai dace ba, dole matuƙi ya tashi ya ba wa tsibirin da zai je baya, sannan ya yi kwana ya dawo. A tafiyar awa biyar babu mai lura da wannan. A nan kuwa kwanar kaɗai na iya kusan ninka lokacin.

Zancen da ya fi ba ni haushi shi ne na masu cewa an ƙirƙiro hanyar ne don 'yan yawon buɗe ido. Ba haka ba ne. Jirgin, ƙirar Britten-Norman Islander mai ɗaukar fasinja 8, daga Kirkwall babban garin Orkney yake tasowa, ya biya tsibiri ɗaya, ya tsallaka ɗayan, ya koma gida, tamkar motar haya mai sauke wani ta ɗauki wani. Gajeren tsallaken nan zango ɗaya ne kawai cikin zagayen. Mazauna Papa Westray ba su kai 100 ba, kuma da wannan jirgi malaman makaranta da ma'aikatan lafiya ke isa gare su, shi ya sa hukuma ke tallafa wa hanyar da kuɗi. Masu zuwa kallo suna nan, musamman don Knap of Howar, gidajen dutse da suka haura shekara 5,000, amma albarkacin mutanen tsibirin suke ci.

Shin babu wata hanya sai ta sama? Akwai. Ƙaramin jirgin ruwa na tsallaka mutane tsakanin tsibiran biyu cikin kamar minti 25, idan teku ta kwanta.